Mai Ɗanɗana Ruwan Jirgi

Ranar da aka sauke Ardith a ruwa, Velma Zinck ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta je wannan ƙarshen gadar katako ta bakin kogi, inda ake ɗaure jirage, ta dawo wancan, tana ba mai motar ƙugiya umarnin da bai nema ba, alhali mutumin ya tsufa a aikin ɗaga jirage da sauke su. Ardith ɗan ƙaramin jirgi ne mai tafiya da iska. Na mahaifinsu ne, sunan mahaifiyarsu ya sa masa, da tsohon ya rasu kuma sai ya zama nata ita da yayanta Garnet Corkum. Ba wani kyau gare shi ba, in za a faɗi gaskiya, amma mai son zaman lafiya ba ya faɗin haka a gaban Velma.

Kowa a garinmu ya san abin da ya sa rawar jikinta ta bana ta fi ta kullum. Garnet ya kwashe hunturun nan yana zirga-zirgar asibiti a birnin Halifax, ana gasa masa maƙogwaro da na'ura saboda ciwon daji. Velma ce ke kai shi ta dawo da shi a cikin ƙanƙara. Ya rame, muryarsa ta dushe, sai da aka ƙara wa bel ɗinsa huji. Zuwa da dawowa zancensa ɗaya ne: idan bazara ta yi, za su ɗaga ƙyallen jirgi su tafi tsibirin nan na bakin teku inda babansu ke kai su suna yara. Bazararmu gajeriya ce, kafin ka gama cire rigar sanyi ta fara haramar tafiya, likita kuma bai yi musu alkawarin ta baɗi ba. Velma ta ji haka da kunnenta. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta dai ƙudurta a ranta cewa bana sai Garnet ya taka tsibirin nan.

Shi ya sa da ta ɗaga katakon daɓen jirgi washegari ta ga ruwa kwance a kwarmin da ke ƙasa, sai da gabanta ya faɗi. Ta buga famfo ta kwashe shi tas. Da gari ya sake wayewa ta tarar ya dawo inda yake, har da ɗan ƙari.

Kafin ta gama matse soso, Hollis Knickle ya iso da hannu a aljihu. Hollis ne shugaban masu jirage. Shi ke tara kowa a yi hayar motar ƙugiya daga nesa, ta sauke jirage a farkon bazara, ta kwashe su kafin ruwa ya daskare. Ranar Asabar za ta dawo don 'yan latti, daga nan ba mai sake ganinta sai kaka.

"Velma, kin san ƙa'ida," in ji shi. "Jirgin da ke shan ruwa ba ya zama mana a hanya. In ya nutse, man dizal ɗinsa a kan kowa zai watsu. Asabar da safe zan ɗaga katakon nan da hannuna. In na ga ruwa, ƙugiya ta ɗauke shi, ya je ya yi bazararsa a kan tudu."

"Ji shi da baki kamar shi ya haƙa tekun," in ji Velma. "Kai da naka ba ya fita ko ganye ne ya motsa?"

"Ba ya fita, amma ba ya fitsarin kwance."

A nan, idan jirgi ya fara yoyo, ba a fara ɗauko sifana, da harshe ake farawa. Mutum zai tsoma yatsa a ruwan kwarmi ya lasa. In ya ji gishiri, teku ne ke shigowa ta ƙasa, magana ta yi girma. In bai ji ba, ruwan sama ne ya sami hanya ta doron jirgi, wannan kuwa abin haushi ne kawai, bai taɓa kashe kowa ba. Kuma ba kowane harshe ake yarda da shi ba. Garnet ya yi rayuwarsa duka a jiragen kamun kifi, har gida ake zuwa a ɗauko shi ya ɗanɗana wa mutane, abin da ya faɗa kuma ya zauna. Velma ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta yi shekaru tana tuƙa motar 'yan makaranta, ta ga ƙazanta kala-kala, amma ba ta kai ga sa ta a baki ba.

Garnet ya sauko cikin ɗakin jirgin a hankali yana dafa bango, Hollis na leƙe ta ƙofa. Ya durƙusa, ya tsoma yatsa, ya kai baki. Ya ɗaga kai ya kalli rufi. Ya sake tsomawa ya sake lasa, sa'an nan ya goge yatsan a wando.

"Ruwan sama ne," ya ce da 'yar muryarsa.

Velma ta yi ajiyar zuciyar da aka ji har kan gada. Dama kwana da kwanaki ana tafka ruwa, tankin ruwan sha kuwa ko ɗigo ba su zuba masa ba tukuna, don haka maganar ta zauna daram. Hollis ya ɗaga kafaɗa ya ce ko na sama ne ko na ƙasa, shi dai busasshen kwarmi yake son gani.

"To, Auta," in ji Garnet, don har yau haka yake kiranta duk da furfurar da ta cika mata kai, "nemo sabulu."

Ruwan sama munafuki ne, inda yake ɗiga ba nan ya shigo ba. Yana iya shigowa ta gaba, ya laɓaɓa ta bayan katako, ya bi waya, ya fito a baya ya ɗiga maka a kan filo. Shi ya sa mutanenmu ba sa ɓata lokaci suna binsa. Juya aikin suke yi: a hura wa jirgi iska daga ciki a ga inda za ta fita, don inda iska ta fita nan ruwa ke shiga.

Da rana ta ɗan leƙo, suka toshe duk wata kafa da leda da salatif. Suka yanka kwali daidai ƙofar ɗaki, suka huda shi, suka zura bakin injin hura ganye. Injin na Hollis ne, Velma ta je har gida ta karɓo ba ko kunya. Garnet ya zauna ya rungume shi a cinya, ita kuma ta dama sabulun wanke-wanke a bokiti ta ɗauki burushi, ta cire takalmi don ta ji daɗin yawo a kan doron.

"Tayar, Yaya."

Inji ya ɗauki ƙara. Ta shafa ruwan sabulu a gefen tagar farko, ta tsuguna tana kallo ko numfashi ba ta yi. Da farko ba komai. Can sai ga 'yar kumfa ɗaya ta kumburo a kusurwa, ta fashe, wata ta biyo ta, kafin ka ce kwabo tagar ta yi farin gemu.

"Ga ɗaya!" in ji Velma, ta zagaye wurin da alli.

Ƙarar injin ta jawo dattawan da ba su da aikin da ya wuce shan kofi a gada. Suka jeru a sama, kowa na ba da fatawa. Wannan ya ce ta duba gindin ƙarafan da ke riƙe da wayar kariya a gefe, wancan ya ce ƙarya ne, ta duba inda wayar sandar ƙyalle ta ratsa doro, shi ya san Ardith tun kafin a haifi rabin mutanen da ke nan. Abin daɗin shi ne duk sun yi gaskiya. Duk inda burushi ya taɓa sai kumfa ta taso, Velma na tsalle daga nan zuwa can da alli a hannu, tana ƙirga da ƙarfi, dattawa na amsa mata. Tsohon jirgin ashe rariya ne. A cikin wannan gaggawar ta taka inda ta riga ta shafa, ƙafa ta kwashe ta, ta yi zaman 'yan bori a tsakiyar kumfa, bokiti ya bi ta ya juye.

Gada ta kaure da dariya. Velma ta buɗe baki za ta rama, sai ta hangi Garnet. Ya kashe injin ya dunƙule a kansa, kafaɗunsa na girgiza, dariyar ba ta da sauti don muryar ba ta kai ba, amma hawaye na zuba. Tun farkon hunturu ba ta ga haƙoransa ba. Ta ɗan ƙara zama a cikin kumfar duk da sanyin da ke ratsa wandonta.

Daga nan aiki ya kankama. Kowane wuri mai alli sai an kwance noti, an ɗaga ƙarfe, an kankare tsohon gam da ya bushe ya zama gari, an goge, an zuba sabo, an mayar an ɗaure. Velma ta duƙufa ba ji ba gani, Garnet na zaune yana miƙa mata kayan aiki yana kushe.

"Gam ɗin nan ya yi yawa."

"Kai za ka ci?"

"Haka kike wa burodi da bota, shi ya sa marigayi mijinki ya yi tumbi."

"Ya yi tumbi ya mutu da farin ciki. Miƙo sukundireba."

Kafin Alhamis sun gama. Sama ta washe, iska ta juya, ko alamar hadari babu. Velma ta tsane kwarmi da soso, ta bi da tawul har sai da ya yi ƙyalli. A hanyar gida suka fara gardamar abin da za su ɗauka zuwa tsibiri, ita tana cewa kaza, shi yana cewa duk abin da ta ga dama.

Juma'a da safe ta riga kowa isowa, tana 'yar waƙarta. Ta ɗaga katako, waƙar ta tsaya. Ruwa na kwance a kwarmi kamar ba a taɓa yin komai ba, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Ta leƙa waje, doron jirgi a bushe ƙamas. Ta dawo ta zauna a ƙasa tana kallon ruwan, yana ɗan kaɗawa da man dizal a samansa. Ta waiga ta tabbatar ba kowa a gada. Sai ta runtse ido, ta tsoma yatsa, ta yi abin da ta rantse ba za ta taɓa yi ba.

Gishiri ne. Ba ɗan gishiri-gishiri ba, gishirin teku sak, irin mai sa mutum ya yamutse fuska. Ta tofar ta sake lasa don ta ba yayanta uzuri, amma na biyun ma ya fi na farko.

Nan take abin ya zo mata gaba ɗaya. Tun tsakiyar hunturu Garnet ke ture kwano yana cewa ya ƙoshi. Ranar da ta dafa masa busasshen kifi da dankali, abincin da gishirinsa ke sa mutum kwana da kofin ruwa a gefen gado, ya miƙa hannu ya ɗauki gishiri ya barbaɗa, har ta yi masa faɗa. Ashe na'urar da ta gasa ciwon ta haɗa da harshen. Ya durƙusa a gaban Hollis, ya lasa, bai ji komai ba, sai ya faɗi abin da rashin jin komai ke nufi. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Haushi kuma ya biyo baya, don duk kwanakin nan suna wasa da kumfa a sama teku na shigo musu ta ƙasa. Amma gobe Asabar ce, ba ta da lokacin tausayi balle na haushi.

Ta haura gada da gudun da ta manta tana da shi, ta je kanti ta dawo da gwangwanin hodar jarirai. Ta kwashe ruwan, ta tsane ko'ina, ta ɗaga duk katakon da ke ɗaguwa, sa'an nan ta barbaɗa hoda a kan jikin jirgi daga ciki har wurin ya yi fari fat. Ta kwanta rub da ciki da tocila a hannu ta zuba ido.

Jiran ya yi tsawo, ƙashin ƙirjinta ya fara ciwo. Tana shirin gyara kwanciya sai ta ga wani siririn layi mai duhu ya ratso farin, yana gangarowa daga hagu a hankali. Ta bi shi da rarrafe, ta cire katifar benci ta wurgar, ta buɗe akwatin da ke ƙasa, ta fitar da gwangwanayen wake da tsohuwar igiya da rigar ruwan da babansu ya bari. Layin ya shige ƙarƙashin wani allo. Ta kwance allon, ta ƙara hoda, ta jira, ya sake nuna kansa. Haka ya yi ta janta har ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda kai da kafaɗa ɗaya kawai ke shiga. A can bayan tiyo akwai bakin bututun da ke fitar da ruwan wanki, wanda ya huda jikin jirgi ƙasa da inda ruwan teku ke tsayawa. Ta haska shi. A wuyansa akwai tsaga siririya kamar gashi, irin wadda ragowar ruwa ke yi idan ya daskare a ciki da hunturu. Tana kallo ɗigo ya taso daga tsagar, ya cika, ya gangara.

"Na kama ka, ɓarawo," in ji ta, ta yi dariya ita kaɗai har kanta ya bugi katako.

Sai ta ji taku a kan gada. Ta fito fuska da gashi duk hoda, ta ga Garnet na tafe a hankali, Hollis na bayansa ya zo karɓar injinsa. Murnar ta ɗan lafa. Dole ta ce teku ne, kuma duk wanda ya ji haka zai tuna wanda ya ce ruwan sama ne. Ba ta ba kowa damar tambaya ba.

"Yaya, kogi ne ya yaudare mu," ta ce da ƙarfi. "Ta ƙasa yake shigowa, na gan shi da idona, bututun wanke-wanke ne ya tsage. Ranar da ka ɗanɗana ai kogi ya cika da ruwan sama, ruwan daɗi ne ke yawo a saman na teku, shi ya shigo. Yanzu kogi ya ja, gishiri ya dawo."

Hakan na faruwa, ba ƙarya ta ƙirƙiro daga sama ba. Jiragen da ake ɗaurewa can sama wajen gadar mota sukan sha wannan ruɗin. Amma Ardith a bakin kogi yake, inda ko ambaliya aka yi gishiri ba ya barin ruwa. Hollis ya san haka, Garnet kuwa ya fi kowa sani. Hollis ya dubi Velma, ya dubi takalminsa, ya sosa ƙeya.

"Haka ne," ya ce. "Kawuna ma ya taɓa cin karo da irin wannan."

Garnet ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Ba ta iya karanta fuskarsa ba, ta fara tsoron ko ta ƙara ɓata abin ne. Can ya juya ya dubi ginshiƙan gada, inda ruwa ke hawa.

"Ya kusa cika," ya ce. "In za mu jingina shi, yanzu ne."

"Ta ƙasa fa kuka ce," in ji Hollis. "Ƙa'ida ta ce..."

"Ƙa'ida ta ce Asabar da safe," in ji Velma. "Yau Juma'a. Kana da sabon bakin bututu a rumfarka, na gan shi ranar da na je ɗaukar inji. Je ka kawo."

"Wato har bincike kika yi mini?"

"Hollis, gudu za ka yi ko sai na ɗauke ka?"

Kafin a san da motar ƙugiya, haka kakanninmu ke gyaran ƙasan jirgi, teku ke ɗaga musu shi kuma ke sauke musu, don sau biyu a rana yake cika ya ja da baya. Suka ja Ardith zuwa gefen gadar da ke kusa da tudu, inda ƙasa take da tauri. Suka rataya tsofaffin tayoyi tsakaninsa da ginshiƙai, suka ɗaure igiya daga sandar ƙyalle zuwa kan gada, suka tara kaya masu nauyi a gefe ɗaya don ya karkata ya jingina, kada ya faɗi waje. Dattawan kofi suka dawo, yau har da masu kama igiya. Ruwa ya fara ja. Ardith ya sauka a hankali har ƙasansa ya taɓa, ya yi ɗan gurnani, ya jingina da gada ya tsaya. Da bakin bututun ya fito fili yana tsiyaya, Velma ta riga ta sa dogayen takalman roba ta faɗa cikin laka.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a waje ya riƙe, ɗaya a ciki ya kwance babban noti. Garnet ya ce shi ne a ciki, ba wanda ya yi masa gardama. Da yake muryarsa ba za ta ratsa jikin jirgi ba, suka yi yarjejeniya: bugu ɗaya, riƙe, bugu biyu, saki. Ya buga ɗaya, ta zura ƙarfe a bakin bututun ta danne da duk ƙarfinta. Ta ji sifana ta kama, ta zame, ta sake kamawa. Notin ya yi shekaru a wurin, ya ce ba inda za shi. Aka zuba masa mai, aka jira, aka buga masa guduma, ko gezau.

Ruwa ya kai iyakar jansa ya tsaya, sa'an nan ya fara dawowa. Velma ta gan shi yana lasar lakar can nesa. Hollis ya sauko da zarton ƙarfe, aka miƙa wa Garnet, ta ji ƙarar yanka ta cikin jikin jirgi, da sauri da farko, daga baya tana tsayawa tana ci gaba. Da ta ji shiru ya yi yawa, ta hau tsani da laka har gwiwa ta shiga. Ta same shi kwance, kai a cikin ramin, gumi ya jiƙe masa riga.

"Matsa, Yaya."

"Saura kaɗan."

"Na sani. Matsa ka haska mini."

Ya matsa. Ta karɓi zarto ta yi ta ja kamar mai haushi da ƙarfen, shi kuma yana riƙe da tocila yana cewa ta karkata hannu, za ta ci jikin jirgi. Notin ya rabu biyu. Ta doki tsohon bututun da ƙotar guduma ya faɗa waje, hasken rana ya shigo ta hujin, kuma ta cikinsa ta hangi ruwa ya riga ya kewaye ƙasan jirgi.

Ta sauka, ruwa ya kai mata ƙwauri. Ta kankare gefen hujin, ta goge da tsumma, Hollis na miƙo mata kaya daga kan tsani yana ba ta labarin inda ruwa ya kai kamar ba a jikinta yake ba. Ta shafa wa sabon bututun gam, wannan karon ba wanda ya ce ya yi yawa. Ta tura shi cikin hujin, gam ya fito ta ko'ina a gefe. Bugu ɗaya ya zo daga ciki, ta riƙe. Ruwa ya wuce gwiwa, ya sami bakin takalmin hagu ya kwarara ciki, sanyin ya sa ta ambaci sunan Allah da ƙarfi, amma ba ta saki ba. Tana jin notin na tafiya a hankali a hannun Garnet, zagaye bayan zagaye, yana hutawa yana ci gaba. Dattawa suka leƙo daga sama. Da bugu biyu ya zo, suka ɗauki tafi kamar an ci ƙwallo, aka jawo Velma sama tana rawar sanyi tana dariya. Kafin rana ta faɗi Ardith ya taso ya koma yawo a kan ruwa.

Asabar da safe Hollis ya zo ya durƙusa ya ɗaga katako da hannunsa, kamar yadda ya yi alkawari. Hodar da Velma ta sake barbaɗawa jiya bayan gyara tana nan fara sol. Ya shafa, ya duba yatsa, ya ce jirgin na ƙanshin jariri, ya mayar da katakon. Motar ƙugiya ta sauke 'yan latti ta naɗe kayanta, Velma ta tsaya a bakin hanya tana ɗaga mata hannu har ta sha kwana.

Ba su jira wata rana ba. Da iska ta taso suka saki igiya, suka ɗaga ƙyalle, Ardith ya karkata ya fara yanka ruwa. Garnet na riƙe da sandar tuƙi, hula ta danne kunne, Velma na jan igiyoyi tana ihu duk lokacin da feshi ya watso mata. Suka fita daga bakin kogi, tsibirin ya bayyana a gaba da 'yan itatuwansa. Daɗi ya cika ta har ta rasa abin da za ta yi da shi, sai ta hau yi wa Garnet tsiyar cewa tuƙinsa ya karkace.

Da suka yi nisa ya ce ta karɓi sandar, ya sauka ciki. Duk wanda ya yi rayuwa a teku ba ya yarda da sabon gyara sai ya gan shi a cikin igiyar ruwa. Ta ƙofa tana kallonsa ya ɗaga katako, ta ga bayansa ya ƙame. A kan hodar akwai ɗan ruwa mai duhu, bai fi cikin cokali ba. Ya tsoma yatsa, ya ɗago shi zuwa baki, ya tsaya a hanya. Sa'an nan ya miƙe, ya hauro, ya karɓi sandar daga hannunta.

"Sauka ki ɗanɗana, Auta."

"Ni?"

"Ke. Daga yau ke za ki riƙa yi. Nawa ɗanɗanon ya tafi, na ɗauka zai dawo ne."

Ta sauka ta durƙusa, ta tsoma yatsa ta lasa. Ta ɗaga kai ta bi layin da ido har kan benci, inda fulas ɗinsa ke kwance a karkace yana ɗiga.

"Shayi ne, Yaya. Ba ka rufe fulas ba."

Ya yi dariyar nan tasa marar sauti har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya goge ido da bayan hannu, ya gyara zama, ya maida hankali ga tsibirin. Sai can ya yi tambaya ba tare da ya dube ta ba.

"Sukarin ya ji?"

Ta sake tsoma yatsa, da hodar da dizal ɗin da komai, ta lasa da kyau kafin ta amsa.

"Ya ji, Yaya. Daidai yadda kake so."